Na'urar jera kiɗa ta haɗin gida: wa zai shiga karo-karon kayan haɗi?

Mai_Ayan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Duk wanda ya leƙo shagona a makon nan ya ga wani ɗan akwati a kan benci, mai ƙananan ƙwayaye ja guda takwas suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. Masu tambayata ko na'urar gwajin caja ce, a'a. Sikwansa ce, wato na'urar jera kiɗa. Kai za ka tsara mata sautin kowane taku, ita kuma ta yi ta zagaye tana maimaitawa har batir ya ce ya gaji.

Aisi uku ne a ciki, wato 'yan ƙwaƙwalen lantarkin nan masu ƙafafu. 555 ɗaya yana buga lokaci, 4017 yana ƙirga taku, wani 555 ɗin kuma shi ke fitar da ƙara zuwa 'yar sifika. Kowane taku da boliyum ɗinsa, in ka murɗa sai murya ta hau ko ta sauka. A kan bero, wato allon nan mai ramuka, na liƙa komai, in ka juya bayansa kuwa wayoyi ne cakuɗe kamar taliyar da ta kwana.

Yanzu so nake in yi babba mai taku 16 a kan fanel bugagge na gaske, wato allon da ake buga wa layukan wuta a masana'anta. Matsalar ita ce masu buga fanel a Caina ba sa buga ƙasa da guda 5, kuma kuɗin kawowa ya fi kuɗin bugun nesa ba kusa ba. Boliyum ma in ɗai-ɗai za ka saya a gari, guda 16 kaɗai sun isa su rame aljihu. Shi ne na ce ko akwai masu sha'awa mu yi karo-karo, mu kai mutum 10 ko 12, a yi oda sau ɗaya a raba. Wa zai shiga? Sannan ku ba ni shawara, mu tsaya a kan 4017 ko mu koma Arduino, 'yar kwamfutar nan da ake rubuta wa umarni, wato kod?

Kurna555:
Wa alaikumus salam. Oga rubuta sunana tun kafin a fara gardama. Fanel biyu nake so.

Ɗalibin_BUK:
Oga Mai Ayan, Allah ya ƙara basira. Amma 4017 ƙafa goma kawai yake da su na fitarwa. Taku takwas ɗin nan ma na san ƙafa ta 9 ka ɗaure da ta 15 don ya riƙa komawa farko. In 16 kake so sai ka haɗa guda biyu da wani aisin da zai riƙa miƙa musu aiki, kuma a nan ne ciwon kai yake farawa. Ni shawarata Arduino Nano. Ƙafafunsa na karanta boliyum takwas ne, amma in aka sa masa 4067 guda ɗaya zai karanta boliyum 16 ta ƙafa ɗaya, yana bin su bi da bi. Ƙwayayen kuma 74HC595 guda biyu sun ɗauke su. Babbar ribar ita ce yawan taku ya zama lamba ce kawai a cikin kod, ka goge ka rubuta wata.

Baban_Dalma:
Yaro ya zo da kwamfutarsa. To ni tun ana gyaran rediyo mai zare nake riƙe da ayan, kuma 555 ɗin nan da kuke rainawa tun 1972 yake kasuwa, har gobe ba a daina yin sa ba. Abin da aka haɗa da shi in ya lalace, mita kawai zan ɗauka in bi ƙafa-ƙafa in gano mai laifi. Naka in ya rikice sai an nemo laftof, an nemo waya, an nemo direban CH340 da zai sa laftof ɗin ya gane shi, an nemo kai kanka a Sabuwar Jami'a.

Mai Ayan, na ga hoton da ka sa. Abu biyu. Ka tabbata ƙafa ta 13 ta 4017 tana ɗaure da ƙasa, kada ka bar ta a sake, in ba haka ba ko hannu ka kai kusa sai ya yi tsalle. Sannan ka liƙa ɗan kafasita mai lamba 104 tsakanin ƙafa ta 16 da ta 8, dab da jikinsa. 555 na gargajiya duk sanda ya buga sai ya fizgi wuta, shi ke sa ɗan'uwansa tsallake taku.

Mai_Ayan_Fagge:
Baba wallahi kamar kuna wurin. Taku na biyar yakan ɓace lokaci-lokaci, har na fara zargin aisin. Na gode, gobe in sha Allahu zan liƙa.

'Yar_Sutudiyo:
Ku yi haƙuri da tambayar wadda ba injiniya ba. Ni a Zoo Road nake aiki, kullum ina gaban manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, kuma akwai wurin jera taku a cikinsa, ka danna ka goge yadda ka so. Ga fiyano ma yana da nasa kiɗan a ciki. To mene ne wannan akwatin zai yi min da waɗancan ba sa yi? Ba raini ba ne, so nake in san ko in sa kuɗina.

Kurna555:
Anti, shi wannan da hannu ake murɗa shi yana cikin tafiya. Linzamin kwamfuta abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, nan kuwa yatsu goma ne. Kuma ko an ɗauke wuta yana yi.

Ɗalibin_BUK:
Anti 'Yar Sutudiyo, tambayarki ita ce hujjata a kan Baba. Na 4017 ƙarar kansa kawai zai yi, irin ta wasan gem na da. Na Arduino kuwa zai iya magana da fiyanonki ta MIDI, wato yaren da kayan kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi. Yaren nan tun 1983 kayan kiɗa suke jin sa, kuma haɗa mafitarsa ba wuya: soket mai rami biyar da razista biyu masu 220, sai a saita gudun saƙo a 31,250. Ki tura a tasha ta 10, fiyano ya ba ki ganguna. Akwatin ne zai riƙe jeri, fiyano ya ba da murya.

'Yar_Sutudiyo:
To yanzu na ji magana. Amma bari in duba bayan nawa tukuna, don ƙaramin da muke da shi ramin USB kawai na taɓa gani.

Sarkin_Boliyum:
Ki duba da kyau kam. Da yawa daga cikin ƙananan Yamaha PSR na yanzu sun daina zuwa da soket mai rami biyar, sai USB. Nano kuma ba zai iya tuƙa fiyano ta USB kai tsaye ba. Tsofaffin da manyan su ne masu MIDI IN a baya. In kwamfuta za ki haɗa da shi, Pro Micro, wani samfurin Arduino, ya fi, don shi da an soka shi kwamfuta take ganinsa a matsayin kayan kiɗa. Wannan ma abu ne da ya kamata a yanke kafin a zana fanel, kada a buga guda 15 a zo ana da-na-sani.

Makaɗin_Gwale:
Salamu alaikum. Ni ban san aisi ba, ban san kod ba, ƙanena ne ya sa ni a zauren nan. Kalangu na gada, shi nake kaɗawa a gidan biki da wajen dambe. Shekaranjiya na biya ta Fagge na tsaya na saurari akwatin Malam Mai Ayan kusan rabin awa. Aiki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma na yi ta ƙoƙarin in bi shi da yatsa a kan benci, ƙafata ta ƙi yarda. Tafiyar soja yake yi, hagu dama hagu dama. Kiɗanmu da yawa ba haka yake taku ba, uku-uku yake juyawa. Ku tuna luguden mata uku a turmi ɗaya, ku ji yadda taɓare suke karɓa wa juna. In kuka yi 16 ɗin nan, hurhuɗu sau huɗu ke nan, za ku kashe kuɗi ku kawo abin da zai yi kiɗan disko, amma ba zai ɗauki abin da ɗan karɓi yake yi ba. Ni a ƙidayata 12 ne zai zauna daidai, ko 6.

Kurna555:
Kai! Wannan magana ta shige ni. Shi ya sa in na jera kiɗan gargajiya a waya yake fitowa kamar an sa wa tsoho takalmin makaranta.

Ɗalibin_BUK:
Malam Makaɗi ya gama magana, kuma lissafi yana bayansa. Taku 16 ɗin ba wahayi ba ne, injinan ganga na kamfanin Roland irin TR-808 na 1980 ne suka sa kowa ya saba da shi. Shi kansa agogon MIDI sau 24 yake bugawa a kowane bugu ɗaya na kiɗa, kuma 24 tana rabuwa gida huɗu tana rabuwa gida uku. Ka matsa taku duk bayan bugu 6, ka sami hurhuɗu. Ka matsa duk bayan 8, ka sami uku-uku. Makunni ɗaya kawai za a ƙara a fuskar akwatin: sama 16, ƙasa 12. Baba, a 4017 yaya za ku yi wannan?

Baban_Dalma:
Shida ai ba ta gagare ni ba, ɗan nan. A cire wayar daga ƙafa ta 9 a mayar ƙafa ta 5, ga taku shida nan cif. Sha biyun ce dai sai na haɗa biyu. Na ba ka wannan, kada ka saba.

Makaɗin_Gwale:
Sai kuma abu na biyu, tunda kun saurare ni. Kalangu magana yake yi. Bayan gula ta sauka, hammata ce take matse tsarkiya murya ta hau, ka saki ta gangaro. Akwatin naku in ya faɗi sauti sai ya tsaya ƙyam a kansa kamar an kafa turke. In babu wannan lanƙwasar, ko taku nawa kuka sa, ganga ce kurma.

Sarkin_Boliyum:
Akwai maganin wannan a MIDI, saƙon lanƙwasa murya ne, irin na 'yar tayar nan da ke gefen hagu na manyan fiyano. Matakai 16,384 gare shi, tsakiyarsa 8,192, don haka santsi zai yi ba tsalle-tsalle ba. A ƙara boliyum ɗaya babba, ko ma mai zamewa, ya zama shi ne hammatar. Sai dai a tashar ganguna ba kowane fiyano ne yake jin wannan saƙon ba, gara a zaɓi murya a wata tashar.

Tunda an zo kan fannina: don Allah kada wanda ya ce zai tsinto boliyum daga tsofaffin rediyo a wajen 'yan gwangwan don a rage kuɗi. Na yi, na sha wuya. Na rediyo yawanci mai harafin A ne, rabin murɗawar farko kusan ba abin da yake canzawa, sai can ƙarshe ya zabura. Mai harafin B ake so, wanda yake hawa daidai wa daida. Na Arduino B10K, na 4017 kuma B100K. Kun ga ko odar boliyum ba za ta yiwu ba sai an raba gardamar Baba da ɗalibinsa.

Hajiyar_Kwari:
Ni ɗana ne mai son abin, ni ce mai biya, don haka bari in yi maganar kuɗi tunda na ga kowa ya tafi kiɗa. A 2023 mun yi irin wannan haɗakar mu tara, kayan ɗinki ne daga Caina. Aka tara kuɗi a watan Mayu, mai riƙon ya ce bari a jira mutum biyu da ba su cika ba. Ana cikin jira aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi. Kuɗin da zai sayi kaya ya kawo su, sai ga shi ko kayan bai saya ba. Aka dawo ana a ƙaro, wasu suka ce ba su san zance ba, wata ta ce a ba ta kuɗinta yadda ta bayar. Har yau akwai wadda in mun haɗu a layi sai dai kowa ta kalli rumfar gefe. Kuma fa mutumin bai ci ko sisi ba, jinkiri ne kawai.

Don haka sharaɗina uku. A sa ranar rufewa, wanda bai biya ba ya jira zagaye na biyu. Ranar da aka rufe a ranar za a biya masu kaya, kuɗi kada ya kwana. Kuɗin kargo da na kwastam kuma a faɗa wa kowa tun yanzu cewa daban ne, sai kaya sun sauka za a san shi, a raba bisa yawan abin da mutum ya ɗauka.

Mai_Ayan_Fagge:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan gaskiya ce tsagwaronta. Ni ma ba na son kuɗin mutane ya zauna a asusuna. Ko za ku riƙe mana?

Hajiyar_Kwari:
A'a, ka rufa min asiri. Adashin da nake riƙe da shi ma ya ishe ni. Amma zan iya haɗa ku da wanda yake yi mana lodi daga Gwanzu, a saka ɗan kwalinku cikin kayanmu. In ta jirgin sama ne da kilo ake biya, in ta ruwa ne ya fi sauƙi amma ku manta da shi sai bayan wata biyu ko fiye. Kuma ku yi sauri ko ku yi haƙuri, don in hutun sabuwar shekararsu ya shigo, wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, masana'antu rufewa suke yi.

Gwanin_Farm_Centre:
Ni ban ga dalilin wahalar nan ba. 555, razista, kafasita, dayod 4148, duk akwai su a Sabon Gari, ka shiga France Road da rana ka fito da su a leda. Nano ma ana samu. Me ya sa sai Caina?

Kurna555:
Akwai su, amma wane iri? Watannin baya na sayi 4017 guda biyar a wani shago da ba zan faɗa ba. Uku ba su ko motsa ba. Na ɗiga tina a auduga na goga bayan ɗaya, rubutun ya fita tas, ƙasansa duk alamar kankara. Na koma, mai shagon ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Baban_Dalma:
Jabu akwai, a nan da can ɗin duka, kada ku ɗauka don abu ya hau jirgi ya zama na ƙwarai. Amma Kurna, a wane wata ka saya? In da hunturu ne, ka binciki kanka kafin ka zargi mai shago. Iskar nan busasshiya, ka sa rigar sanyi ta roba, ka tashi daga kujerar roba, ka taɓa ƙofa ka ji tsit a yatsa, to wannan tsit ɗin ya isa ya kashe 4017 ba hayaƙi ba wari. Ni da sanyi sai na dafa ƙarfen benci kafin in ɗauki aisi, kuma ba na ajiye su a leda. Mai zana fanel ya sa soket a kowane aisi, in ya mutu a zare a sa wani, ba sai an ƙona layi ba.

Kurna555:
Baba a watan Janairu ne kam. Amma goge rubutun fa, shi ma sanyi ne?

Baban_Dalma:
Wannan kuma tsakaninka da mai shago.

Sarkin_Boliyum:
Gwani yana da gaskiya rabi. Ƙananan kaya a saye su a gida, in sun ƙi a mayar. Abin da ya cancanci oda shi ne fanel, boliyum, hulunan boliyum, makunnai da soket ɗin MIDI. Mutum 12 sau boliyum 16 ya kama 192, ga na gudu da na hammatar Malam Makaɗi, biyu-biyu, 24 ke nan, jimla 216. A yi odar 230 saboda wasu za su zo da matsala. Kuma a nemi masu rufaffen jiki. Ƙurar garin nan in ta shiga buɗaɗɗe, wata uku za ka ji yana ƙarar ƙas-ƙas, lambar da Arduino yake karantawa ta riƙa rawa.

Ɗalibin_BUK:
Ni zan zana fanel ɗin a manhajar KiCad kyauta, ba na son ko kwabo. In ya tsaya cikin santimita 10 sau 10 ya fi araha sosai a wurin masu bugawa, amma boliyum 18 da ƙwayaye 16 ba za su shiga nan ba sai an matse su yadda yatsa ba zai wuce ba. Shawarata a raba biyu, kowane fanel ya ɗauki taku takwas, a jona su da waya.

Makaɗin_Gwale:
Takwas da takwas kuma? Ashe ba mu rabu da soja ba. In za a raba, me ya hana shida da shida?

Ɗalibin_BUK:
Malam, in aka yi 16 ana iya kashe huɗu a sami 12. In aka yi 12 ba inda za a samo huɗu.

Makaɗin_Gwale:
Haka ne, amma ido ma yana kiɗa. In ina kallon layi takwas sama takwas ƙasa, kan zagayen nawa zai faɗo a tsakiyar layin ƙasa, hannuna zai riƙa ɓata.

'Yar_Sutudiyo:
Na duba. Babban fiyanon oganmu yana da rami biyar ɗin, har biyu, IN da OUT. Ku sa ni, fanel ɗaya. Ni kuma 16 nake so, don masu kawo mana aiki yawanci hurhuɗun suke nema, ko da an ɗora kalangu a sama. Amma a bar makunnin 12 ɗin, ina son in gwada shi a waƙar biki.

Gwanin_Farm_Centre:
Wuta fa? Ba wanda ya yi maganarta. Ni na taɓa ba wa irin wannan wuta mai bolt 12 daga batirin sola ta 7805, aisin rage wuta, na kai yatsa in ji ko yana aiki, sai da fatar ta tashi fari. Ku sa LM2596, shi ma rage wuta yake yi amma ba ya zafi haka. Wanda kuma zai yi amfani da fawa-bank ya sani, wasu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai kashe kansu suke yi bayan 'yan daƙiƙu.

Mai_Ayan_Fagge:
Madalla. Ga inda muke: Kurna biyu, Anti ɗaya, Hajiya ɗaya na ɗanta, Ɗalibi ɗaya, Sarkin Boliyum ɗaya, ni biyu, takwas ke nan. Gwani, kana ciki ko shawara kawai kake bayarwa? Baba fa?

Baban_Dalma:
In Arduino ne ku cire ni, sai dai in zo in duba muku liƙi. Amma in yaron nan zai bar min gurbin 555 a gefe ya zama shi ne mai buga lokaci, zan ɗauki ɗaya.

Ɗalibin_BUK:
Baba ai Nano yana da nasa agogon, sau miliyan 16 a daƙiƙa.

Baban_Dalma:
To ya riƙe abinsa. Ni takwas a daƙiƙa nake nema, kuma kafasita mai 10 da razista suna ba ni.

Sabon_Shiga_Hotoro:
Salam, yanzu na shigo ban karanta sama ba. Nawa ne kuɗin shiga, kuma taku nawa aka tsayar?

Kurna555:
Ɗan'uwa hau sama ka karanta, mu ma amsar muke jira.

Mai_Ayan_Fagge:
Ba a tsayar ba tukuna. Ranar Asabar bayan la'asar duk mai hali ya zo shago. Ɗalibi ya taho da Nano da laftof, Anti in oganki zai yarda a aro fiyanon. Zan yanka kwali biyu in zana ramukan a kai, ɗaya takwas-takwas ɗaya shida-shida, kowa ya ɗora yatsunsa ya ji.

Makaɗin_Gwale:
Zan zo da kalangu da yaron da yake min karɓi. Amma a gaya wa mai shayin da ke jikin shagon tun yanzu, rannan da na ɗan buga benci ma sai da ya harare ni.